Tarihin Yadda Manhaja Ta Koyi Gane Furosesan da Take Gudana a Kansa

Kowace kwamfuta da kowace wayar hannu tana ɗauke da furosesa, wato ɗan guntun na'urar da ke karanta umarni ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa, kuma kowane dangin furosesa yana da jerin umarnin da ya sani, da girman lambar da zai iya riƙewa a lokaci guda, da tsarin da yake bi wajen jera lambobi a ma'adana. Jimillar waɗannan halaye, kamar yadda marubucin manhaja yake ganinsu daga waje, ita ce ake kira tsarin ginin furosesa, kuma injiniyoyin kamfanin IBM uku, Gene Amdahl da Gerrit Blaauw da Fred Brooks, su ne suka fito da wannan tunani fili a shekarar 1964, lokacin da suka bayyana dangin kwamfutocin System/360, waɗanda suka bambanta a girma da sauri da farashi amma duk suna karɓar umarni iri ɗaya. Yawancin manhajoji ba su da buƙatar sanin abin da ke ƙarƙashinsu. Amma akwai rukunin da ke zaune dab da injin, irin su cibiyar manhajar gudanarwa, da manhajojin ɓoye saƙo, da na sarrafa bidiyo, da na gwajin lafiyar na'ura, waɗanda dole ne su san da wane furosesa suke hulɗa kafin su ɗaga ƙafa, domin umarnin da furosesa bai sani ba yakan kashe manhajar nan take, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ba da amsar da ba daidai ba shiru ba tare da wani gargaɗi ba. Daga wannan larura ne wata ƙaramar sana'a ta tsiro a cikin sana'ar rubuta manhaja, ta rubuta gwaje-gwajen da ke gano irin injin da abin da zai iya.

Masu lissafin kimiyya ne suka fara jin zafin matsalar. Kafin a amince da ƙa'idar IEEE 754 a shekarar 1985, kowane kamfani yana da hanyarsa ta adana lambobi masu ɗigo, wato lambobin da ke ɗauke da ɓangaren da bai cika ɗaya ba: injunan IBM na dangin 360 suna aiki da tushe 16, wasu da tushe 2, wasu suna yanke ragowar lissafi su zubar, wasu suna zagaye ta zuwa lamba mafi kusa. A shekarar 1972 Michael Malcolm ya wallafa wata dabara mai ban sha'awa saboda sauƙinta, inda manhaja take ta ninka lamba sau biyu har ta kai girman da ƙara mata ɗaya ba ya bayyana daidai, sannan ta nemi ƙaramar lambar da za a ƙara ta bayyana, kuma daga bambancin da ya fito take gane tushen da injin ke amfani da shi. A shekarar 1983 William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda shi ne jigon samar da ƙa'idar IEEE 754, ya rubuta manhajar Paranoia, wadda take jera wa inji tambayoyin lissafi masu tarko tana ƙidaya kurakuransa gwargwadon nauyinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da ya damu da sunan kamfanin da ya ƙera injin, abin da injin ya aikata kawai suke dubawa.

Matsala ta biyu ta bayyana ne lokacin da aka fara ɗaukar manhajar Unix daga injin PDP-11, inda ta girma, zuwa wasu injuna a ƙarshen shekarun 1970. Ma'adanar kwamfuta a rarrabe take zuwa bayit-bayit, kowane bayit yana ɗauke da bit takwas, bit kuwa shi ne gurbin da ke riƙe sifili ko ɗaya, saboda haka lambar da ta wuce 255 sai an raba ta a bayit biyu ko fiye. Lamba 258, alal misali, ta ƙunshi bayit mai daraja 1 da bayit mai daraja 2, domin 256 sau ɗaya a tara da biyu ne ke ba da 258, sai dai injunan IBM da Motorola 68000 suna fara ajiye babban bayit, yayin da na Intel da VAX suke fara ajiye ƙaramin. Danny Cohen ya yi shahararren rubutu a kan wannan saɓani a shekarar 1980, kuma daga baya ƙa'idojin intanet suka zaɓi tsarin babba a gaba domin lambobin da ke cikin kanun saƙonni. Gwajin da aka samo bai wuce layi uku ba: a ajiye lamba ɗaya a gurbi mai bayit huɗu, a leƙa bayit na farko, in ɗaya ne to ƙarami ne a gaba, in sifili ne to ba haka ba. Irin waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne Larry Wall ya tattara a rubutun Configure da ya riƙa haɗawa da manhajojinsa a tsakiyar shekarun 1980, kuma a shekarar 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf domin shirin GNU, bisa aƙidar da ta zama ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya, cewa a gwada ko abin da ake buƙata yana nan, maimakon a riƙe dogon jerin sunayen injuna ana zaton halin kowanne daga sunansa.

Babu inda sana'ar ta nuna basira kamar a dangin furosesan Intel da ake kira x86, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Furosesan 8086 ya fito a 1978, ƙanensa 8088 ya biyo a 1979, shi ne kuma IBM ta saka a kwamfutarta ta tebur a 1981, sannan 80286 ya zo a 1982, 80386 a 1985, 80486 a 1989. Kowanne yana gudanar da manhajojin na gabansa, amma babu ɗayansu da ke da umarnin da manhaja ta gari za ta tambaye shi sunansa da shi. Marubuta manhaja sun koma yin abin da mai sayen sa yake yi a kara, wanda ba ya tsayawa ga shekarun da dillali ya faɗa sai ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙoranta. Sun gano cewa idan aka umarci 8086 ya ajiye lambar da ke nuna saman tari, wato wurin ajiyar wucin gadi da ake ɗora abu bisa abu, yakan rage lambar tukuna sannan ya ajiye ta, shi kuwa 80286 yana ajiye ta yadda take kafin ragewa, don haka kwatanta abin da aka ajiye da abin da ake tsammani ya isa ya raba su. Sun kuma lura da rijistar tutoci, wato ƙaramar ma'ajiya a cikin furosesa inda kowane bit yake nuna wani yanayi: bit na 12 zuwa na 15 a 8086 kullum ɗaya suke ko me aka rubuta musu, a 80286 da ke yanayinsa na farko kullum sifili suke, a 80386 kuwa uku daga cikinsu suna karɓar canji. Bit na 18 ba ya motsi a 80386 amma yana motsi a 80486, saboda a nan ne aka ba shi aikin duba daidaiton jeri a ma'adana.

Rarrabe 8086 da 8088 ya fi duk waɗannan wuya, tunda umarninsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne layin jira na ciki, inda furosesa yake ɗebo umarnin da ke tafe tun kafin lokacinsa ya yi, wanda a 8086 yake ɗaukar bayit shida, a 8088 kuma huɗu. Sai manhajar gwaji ta canza wani umarni nata da ke 'yan bayit kaɗan a gabanta, ta ci gaba da tafiya, ta duba ko tsohon umarnin ne ya gudana ko sabon; in tsohon ne, to furosesan ya riga ya ɗebo shi kafin a canza, kuma layinsa dogo ne. Kamfanonin da ke ƙera makamantan furosesan Intel su ma an gano tambarinsu ta wannan hanya, misali na Cyrix, waɗanda suke barin tutoci yadda suke bayan an raba biyar da biyu, alhali na Intel suna taɓa su. Haka nan na'urar lissafin lambobi masu ɗigo, wadda a wancan zamani guntu ne daban mai suna 8087 ko 80287 ko 80387 da mai kwamfuta yake saya in yana da hali, ana gane tana nan ne ta hanyar umartarta ta rubuta yanayinta a wani gurbi, sannan a duba ko gurbin ya canza.

Duk da basirar da ke cikin waɗannan dabaru, ginin rairayi ne, domin akasarinsu sun dogara ga halayen da ba wanda ya yi alkawarin ɗorewarsu, kuma kowane sabon furosesa yana iya rushe gwajin da aka rubuta kafin zuwansa. A shekarar 1993 Intel ta kawo gyara tare da furosesan Pentium da wasu nau'o'in 80486 na ƙarshe, ta ƙara umarni mai suna CPUID, wanda aikinsa kawai shi ne ba da bayani a kan furosesan. Sanin ko umarnin yana nan ma sai da tsohuwar dabara, wato gwada motsa bit na 21 a rijistar tutoci. Idan aka kira shi da lamba sifili yakan dawo da haruffa goma sha biyu na shaidar kamfani, GenuineIntel ga Intel, AuthenticAMD ga AMD, CyrixInstead ga Cyrix, CentaurHauls ga Centaur da VIA, idan kuma aka kira shi da lamba ɗaya sai ya dawo da lambar dangi da ta samfuri da ta bita, tare da jerin bit da kowanne ke cewa akwai wata baiwa ko babu. Wannan jeri na biyu ne ya zama abin dogaro yayin da sababbin umarni suka yi ta kwararowa, MMX a 1997, 3DNow! na AMD a 1998, SSE a 1999, SSE2 a 2000, domin da shi manhaja ɗaya take iya ɗaukar hanyoyi da yawa na yin aiki guda, ta zaɓi mafi sauri da injin zai iya a lokacin da ta tashi.

Shekara ɗaya kacal bayan zuwan CPUID sai aka ga iyakarsa. A shekarar 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a kwalejin Lynchburg da ke jihar Virginia a Amurka, yana bincike a kan tagwayen lambobin da ba sa rabuwa, ya lura cewa Pentium yana kuskure a wasu rabe-raben lambobi masu ɗigo, sanadiyyar wasu gurabe da aka bari fanko a jadawalin da na'urar rabawa ke dubawa. Raba 4195835 da 3145727 ya kamata ya ba da kimanin 1.33382, amma furosesan da ke da matsalar yana ba da 1.33374. Bayan ja-in-ja na makonni Intel ta amince a watan Disamba na shekarar za ta musanya wa duk wanda ya nema, abin da ya ci mata dala miliyan 475. CPUID ba shi da bit da zai ce rabawa ta lalace, tunda masu ƙera shi ba su san da lalacewar ba, don haka cibiyar Linux ta koma hanyar Malcolm da Kahan: duk lokacin da kwamfuta ta tashi sai ta raba lambobin nan biyu, ta ninka amsar da ta biyun, ta debe daga ta farkon, kuma in ragowar ba sifili ba ce, wadda a furosesa mai matsala take fitowa 256, sai ta rubuta hakan a bayanan injin. Gani ya kori ji, kuma darasin ya maimaita kansa a 2014 lokacin da Intel ta kashe umarnin TSX a furosesan Haswell bayan gano kuskure a cikinsa, da kuma a 2019 lokacin da umarnin RDRAND, wanda aka yi domin samar da lambobin ba-zata, ya riƙa dawo da lamba ɗaya tak a wasu furosesan AMD alhali yana ba da alamar ya yi nasara, har wasu nau'o'in Linux suka kasa tashi a kansu.

Haruffan nan goma sha biyu na shaidar kamfani sun haifar da fitinar da ta fi ta kurakuran ƙira nauyi, domin wannan karon zaɓin mutane ne ya jawo ta. Intel ta daɗe tana samar da manhajar fassara, wadda ke mayar da rubutun marubucin manhaja zuwa umarnin inji, kuma manhajojin da aka fassara da ita suna ɗauke da gwajin zaɓen hanya mafi sauri. Masu bincike, musamman Agner Fog na ƙasar Denmak, sun nuna cewa gwajin ba ya tsayawa ga jerin baiwa, yana duba har shaidar kamfani, kuma in bai ga GenuineIntel ba yakan bi hanya mai jinkiri ko da furosesan yana da duk umarnin da ake buƙata. Furosesan VIA Nano, wanda ake iya canza masa shaidarsa, ya ba da damar gwada batun kai tsaye a 2008, inda aka ga sakamakon wata manhajar auna sauri yana tashi da zarar an laƙaba masa sunan Intel, ba tare da an canza komai a jikinsa ba. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta saka batun cikin ƙarar da ta shigar da Intel a Disamba 2009, kuma sulhun da aka cimma a 2010 ya wajabta wa kamfanin ya bayyana wa masu amfani da manhajar cewa ba lallai ta yi wa furosesan wasu kamfanoni hidima iri ɗaya ba. Abin lura shi ne hukuncin bai kai ga gyara gwajin ba, alhali gwajin da ke auna inji da sunan mai shi ya bar aikin gwaji ya shiga aikin kasuwanci. Ko ba don adalci ba, lambobin suna ba su da amfani mai yawa: lambar dangi 6 da aka fara bai wa Pentium Pro a 1995 ita ce Intel ta ci gaba da bai wa furosesanta na Core sama da shekara ashirin bayan haka.

Da zuwan umarnin AVX a 2011 tambayar ta ƙara rassa, domin AVX yana aiki da rijistoci masu faɗin bit 256, kuma manhajar gudanarwa ce ke da alhakin adana abin da ke cikinsu duk lokacin da ta karɓe furosesa daga wannan manhaja ta miƙa wa waccan. Furosesa yana iya cewa yana da AVX alhali manhajar gudanarwa ba ta san da shi ba, kamar yadda Windows 7 take kafin sabuntawarta ta farko, saboda haka gwaji na gaskiya sai ya tambayi ɓangarorin biyu. A duniyar furosesan ARM, wanda shi ne ke cikin kusan kowace wayar hannu, rijistocin bayani tun asali a rufe suke ga manhaja ta gari, cibiyar Linux ce ke karanta su ta miƙa taƙaitaccen jeri ga kowace manhaja lokacin da ta tashi, kuma inda hakan bai wadatar ba wasu manhajoji, irin su OpenSSL, sun daɗe suna aika umarnin da gangan su tare saƙon ƙin amincewa in ya dawo. Sai kuma aka fara haɗa ƙwayoyi iri biyu a furosesa ɗaya, wato ƙananan furosesoci da ke cikin guntu guda, manya masu sauri da ƙanana masu tattalin batir, tsarin da ARM ta sanar a 2011. A 2016 masu gina manhajar Mono sun bi sawun wata mutuwar manhaja da ke faruwa jefi-jefi a wayoyi masu furosesan Exynos 8890, suka gano cewa manyan ƙwayoyin suna ba da rahoton layin ma'ajiyar kusa mai bayit 128, ƙananan kuma 64, layin kuwa shi ne gutsuren da ake sharewa a lokaci guda, don haka manhajar da ta yi tambaya tana kan babbar ƙwaya sannan aka mayar da ita kan ƙarama sai ta tsallake rabin abin da ya kamata ta share. Intel ta gamu da irin wannan a furosesan Alder Lake na 2021, inda ƙananan ƙwayoyin ba su da AVX-512, ta kuma warware ta hanyar rufe shi a manyan ma.

A 'yan shekarun nan gwajin ya sami sabon aiki, na tsaron ƙofa. A 2020 kamfanonin furosesa da na Linux sun amince da matakai na dangin x86 mai bit 64, kowane mataki da jerin umarnin da dole a samu, kuma Red Hat Enterprise Linux 9 da ta fito a 2022 ba ta gudana a furosesan da bai kai mataki na biyu ba, kamar yadda sabuntawar Windows 11 ta 2024 ba ta tashi a furosesan da ba shi da umarnin POPCNT. Linux kanta ta riƙe 80386 har zuwa fitowar 3.8 a farkon 2013 kafin ta sallame shi. A nan ne tarihin yake taɓa mai karatu a Kano ko Zariya ko Maradi, inda kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suke cike shagunan buga takardu da makarantu, inda kuma wayoyi masu rahusa da yawa da ake sayarwa a kasuwanni irin su Farm Centre suke gudanar da Android mai bit 32. Saƙon da ke cewa manhaja ba ta dace da na'urar mutum ba, sau da yawa amsar irin wannan gwaji ce, kuma wani marubucin manhaja ne a wani wuri ya yanke shawarar ko ya bar hanya ta biyu domin tsohon inji ko ya toshe ta.

Kula da hanyoyi biyu ko uku na aiki guda yana da tsada, kuma ba laifi ba ne a ajiye injin da ya tsufa ƙwarai. Amma matasan da ke koyon rubuta manhaja a ƙasar Hausa, waɗanda yawancin masu amfani da aikinsu ba sababbin na'urori ne a hannunsu ba, ya kamata su gwada baiwar da suke buƙata ɗaya bayan ɗaya maimakon sunan kamfani ko lambar samfuri, su bar hanya mai sauƙi domin injin da ba shi da ita, sannan su gwada wannan hanya a kan tsohuwar na'ura ta gaske kafin su saki manhajar ga jama'a.